Ido ya san ƙima, amma ban da a kwaɓin kek

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A tukunyar miya na yarda, don ban taɓa auna gishiri da cokali ba. Da wannan karin maganar na shiga gashin kek, kuma na yi kusan shekara biyu ban samu kek biyu da suka fito iri ɗaya ba. Yau ya tashi har ya ba ni sha'awa, gobe ya fito da nauyi kamar bulo, jibi gefe ya gasu tsakiya ta lotsa ta bar rami. Ba kuma girkin banza nake bi ba, na mashahuran masu gashi ne na Amurka da Ingila, waɗanda in sun yanka kek sai ki ga cikinsa kamar auduga. Na ɗora wa fulawa laifi, na ɗora wa oben, har na fara zargin akwai abin da suke sakawa ba sa faɗa. Ashe ɓarawon yana cikin kwanukana: kofin awo.

Ranar da na kawo ƙaramin sikeli na dijital gida, na ɗebi fulawa da kofi ɗaya sau biyu. Na farko na zuba ta a hankali da cokali na shafe saman da bayan wuƙa, ta ba ni kusan giram 120. Na biyu na luma kofin cikin buhu kamar yadda na saba, na ɗan danna, ta haura giram 150. Kofi ɗaya, hannu ɗaya, fulawa ɗaya. A girkin da ke neman kofi uku, wannan bambancin ya kai giram 90, wato kashi uku cikin huɗu na kofin fulawa da mai girkin ba ta sa ba. Shi ya sa kek ɗina yake shaƙe mutum.

Kuma kofin ma ba ɗaya ba ne a duniya. Na Amurka mililita 237 ne, na Ostireliya 250. Babban cokali a yawancin ƙasashe mililita 15 ne, a Ostireliya 20. Wata malamar girki ta Boston, Fannie Farmer, ita ta yayata awon kofi da cokali shafaffe a littafinta na 1896, kuma a zamaninta ci gaba ne babba, don kafin nan "bota kamar girman ƙwai" ake rubutawa. Amma ko ita ba ta iya hana fulawa danƙarewa a kofi ba. Idan girkin Amurkawa ya zo hannunki, mayar da shi giram kafin ki fasa ƙwai ko ɗaya: kofin fulawa 120, kofin farin sukari 200, abin da suke kira sandar bota 113, sanda biyu kuma kofi guda ke nan. Ki rubuta a takarda ki manna a bangon kicin.

Yanzu ga kek ɗin da na koyi aiki da shi, wanda har yau in ina son gwada sabon oben shi nake yi. Turawan Ingila suna kiransa da sunan Sarauniya Biktoriya, Faransawa kuma suna da ɗan'uwansa da suke ce wa "rubu'i huɗu", saboda abu huɗu ne masu nauyi ɗaya: ƙwai, bota, sukari, fulawa. Daɗinsa shi ne ba ki buƙatar haddace lamba. Ƙwai ne ke ba da umarni.

Ɗauki ƙwai huɗu ki ɗora a sikeli da ɓawonsu. Duk abin da ya nuna, shi ne nauyin botarki, shi ne na sukarinki, shi ne na fulawarki. Yawanci zai faɗo tsakanin giram 220 da 250. Wannan dabarar ta warware min wata matsala da na daɗe ban san da ita ba: ƙwan da Ba'amurke ke kira babba wajen giram 57 ne da ɓawo, shi kuwa babban ƙwai a Ingila daga 63 yake farawa zuwa 73. Mutum biyu za su rubuta "manyan ƙwai huɗu" amma ba abu ɗaya suke nufi ba. In kin auna naki, kaza ta yi ƙarami ko ta yi babba, ba ruwanki. Sauran kayan kaɗan ne: bekin foda cokalin shayi biyu shafaffu, ɗan gishiri a yatsa, filebon banila cokalin shayi ɗaya, madara babban cokali biyu.

Kafin ki taɓa kwaɓi, kunna oben a digiri 180 na Salshiyas. Shi ne 350 ɗin da kike gani a girkin Amurkawa, don su da Farenhait suke aiki, a oben mai gas na Ingila kuma lamba 4. Idan naki mai fanka ne a ciki, rage 20, ki sa 160. Shafa bota a gwangwanin kek biyu masu faɗin santimita 20, ki yanka takardar gashi daidai gindinsu ki shimfiɗa. Na san akwai ƙyuya a yankan takardar nan. Na daina jin ƙyuyar ranar da rabin kek ɗin ranar haihuwar 'yata ya ƙi barin gwangwani, na riƙa kankaro shi da cokali tana tsaye tana kallona.

Bota ita ce inda gizo ke saƙar, kuma a nan zan ɗan daɗe. Girki zai ce miki bota ta kasance "da ɗumin ɗaki". Ɗakin wa? Masu rubuta wannan suna nufin wajen digiri 18 zuwa 20. A wannan yanayin in kin danna ta da yatsa za ta lotsa amma ba za ta yi ƙyalli ba, yatsanki kuma ba zai nutse ba. Bota tana narkewa ne wajen digiri 32 zuwa 35, don haka in kicin ɗinki mai zafi ne, awa guda a kan tebur ya isa ya lalata ta. Ni ina fito da ita daga firji, in yayyanka ƙanana, in ba ta minti goma zuwa sha biyar, in danna in gani. In ta zarce ta fara sheƙi, mayar da ita firji na ɗan lokaci, ba abin kunya ba ne.

Dalilin wannan tsanani shi ne aikin da za ta yi. Lokacin da kike buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin suna yanka cikin botar suna barin ƙananan ramukan iska, dubbai. Bekin foda ba ya ƙirƙiro sababbin ramuka, waɗanda ya tarar yake hurawa su kumbura a cikin zafi. Bota mai sanyi da tauri ba ta barin sukari ya shige ta, narkakkiya kuma ba ta riƙe iskar da ta shiga. Duk biyun ƙarshensu kek mai nauyi. Saboda haka ki buga har launin ya tashi daga rawaya ya koma kusan fari, ya ƙara yawa, ya yi sakayau. Da miksa minti huɗu zuwa biyar, da muciya da ƙarfin damtse wajen minti goma. Da muciya na fara, kuma yana yiwuwa, sai dai kafaɗa za ta ba ki labari washegari. Ki tsaya sau ɗaya ko biyu ki kankaro abin da ya manne a gefen kwano.

Majarin, wato man tsirrai da ake sa wa a madadin bota, shi ma yana yi. Mary Berry, dattijuwar nan ta Ingila da ta yi alƙalancin gasar gashi a talabijin ɗin BBC daga 2010 zuwa 2016, ta shahara da zuba komai a kwano ɗaya ta buge lokaci guda da majarin mai laushi, kuma kek ɗinta na tashi. Abin dubawa kawai shi ne yawan mai a jikin kwalin. Bota ta gaske tana da mai kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari. Irin majarin ɗin da aka rage wa mai don shafa wa burodi ruwa ya yi masa yawa, ki bar shi a kan burodin. Ni dai bota na fi so, don ƙamshinta ne rabin daɗin kek ɗin nan, kuma na fi son bugawa daki-daki don idona ya ga abin da ke faruwa.

Sai ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, kina bugawa sosai kafin na gaba ya shiga. Kada su fito daga firji kai tsaye. Ƙwai mai sanyi yana daskarar da botar da kika sha wahalar laushinta, sai ki ga kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta lalace. In kin manta ba ki fito da su da wuri ba, jiƙa su a ruwan ɗumi minti biyar. In kuma kwaɓin ya tsinke duk da haka, zuba babban cokali ɗaya daga fulawar da kika auna ki ci gaba, zai haɗe. A fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi tukuna. Ruɓaɓɓe ɗaya ya isa ya zubar da botar gaba ɗaya.

Tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare a rariya. Daga nan ajiye miksa, aikinta ya ƙare. A cikin fulawar alkama akwai sinadaran furotin guda biyu waɗanda in sun sha ruwa aka juya su sai su sarƙe su zama abin da ake kira gulutin, mai danƙo kamar roba. Mai burodi shi yake nema, shi ya sa yake murza kwaɓinsa har ya gaji. Mai kek gudunsa take yi. Zuba fulawar kashi biyu ko uku, ki riƙa yanko kwaɓin daga ƙasa da babban cokali kina kifo shi sama, kina juya kwanon. Da zarar kin daina ganin farin gari, tsaya. Ko da hannunki na ƙaiƙayin ƙara juyi biyu, tsaya. Zuba madarar da banila, ki ɗaga cokali: kwaɓin ya kamata ya ɗan yi jinkiri sannan ya faɗo da kansa. In ya maƙale, ƙara madara cokali ɗaya.

Wannan gulutin ɗin ne ya sa wasu girke-girke ke neman fulawar kek ta musamman, wadda furotin ɗinta bai wuce kashi 7 zuwa 9 ba, alhali ta yau da kullum tana da 10 zuwa 12. In ba ki da ita, cire babban cokali biyu daga kowane giram 120 ki maye gurbinsu da sitacin masara, ki tankaɗe sau biyu. Ga kek ɗinmu na yau ba dole ba ne.

Bari in tsaya a kan bekin foda da bekin soda, don na taɓa musanya su, kuma ɗanɗanon sabulun da ya biyo baya bai bar bakina da wuri ba. Soda sinadari ɗaya ce tak, ba ta aiki sai ta haɗu da abu mai tsami, kamar yogot ko lemon tsami ko ruwan khal. In ba ta samu tsamin da zai cinye ta ba, sai ta zauna a kek da ɗacinta. Bekin foda kuwa sodar ce aka haɗa ta da nata tsamin a bushe, da ɗan sitaci da ke hana su jiƙa. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa irinsa a 1843 saboda jikin matarsa ba ya ɗaukar yis. Soda ta ninka foda ƙarfi kusan sau uku, don haka cokalin wannan ba ya zama cokalin waccan. Foda kuma tana mutuwa in ta daɗe a buɗe. Zuba rabin cokali a ruwan zafi: in ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru zubar da ita. Kada kuma ki ce bari in ƙara don ya fi tashi. Garin neman gira za a rasa ido: kek zai kumbura da sauri kafin jikinsa ya yi ƙwari, ya fashe, ya zauna.

Raba kwaɓin a gwangwani biyun, a kan sikeli in kina son su zo daidai, ki shafe saman. Shiga da su oben nan take, a layin tsakiya, don foda ta fara aiki tun lokacin da ta jiƙa.

Oben kuma maƙaryaci ne, kusan kowanne. Lambar da ke jikin maɓalli daban, zafin da ke ciki daban, kuma saɓanin digiri 10 ko 20 ba abin mamaki ba ne. Nawa yana zarcewa, sai da na rataya ƙaramin ma'aunin zafi a ciki na gane cewa duk kek ɗin da ya yi min tozo ya tsage a sama, wuta ce ta yi masa yawa: gefe da sama sun bushe da wuri, cikin da bai gama tashi ba ya fasa ya fito. Ba oben minti 15 zuwa 20 ya yi zafi kafin ki saka komai. Gwangwani baƙi ya fi fari jan zafi, in shi gare ki rage digiri 10. Sannan girman gwangwani ba abin wasa ba ne. Mai santimita 23 ya fi mai 20 fili da kusan kashi ɗaya cikin uku, ko da yake a ido bambancin kaɗan ne. Kwaɓi ɗaya a babban zai fito falle kuma ya riga lokaci gasuwa.

Minti 20 zuwa 25 yake ɗauka. A minti 18 na farko kada ki buɗe ƙofa, ko ƙamshi ya kai maƙwabta. A lokacin kek ɗin iska ce kawai ke riƙe da shi, ƙwai da sitacin fulawa ba su kama jiki ba tukuna, iska mai sanyi na shiga zai sace kamar balan-balan. Leƙa ta gilashi. Idan saman ya yi ruwan zuma, gefen ya fara janyewa daga gwangwani, buɗe ki taɓa tsakiyar da yatsa a hankali. In ya dawo, soka tsinken sakace. Ya fito da ɗan ɓurɓushi busasshe, ya yi. Ya fito da danshin kwaɓi, ƙara minti uku. Mai ma'aunin zafin abinci za ta ga cikinsa wajen digiri 95 zuwa 98. Ni har kunne nake sawa: kek ɗin da bai gama ba yana ƙaramar ƙara ta tafasa, wanda ya gasu ya kusa yin shiru.

Bar shi minti biyar zuwa goma a gwangwani, zagaya gefen da wuƙa, kife shi a kan raga ya sha iska ta sama da ta ƙasa. In ya huce a cikin gwangwani tururinsa zai jiƙa gindin. Kuma sai ya huce sarai kafin a shafa masa komai, awa guda aƙalla. Kirim ɗin bota a kan kek mai ɗumi mai yake komawa ya tsiyaye.

Abin tsakiya ba ya son wahala. Jam na sitiroberi cokali uku ko huɗu a kan ɗaya, a kifa ɗayan, a barbaɗa garin sukari, shi ke nan asalin yadda ake cinsa. In kina son kirim, buga bota giram 100 ita kaɗai har ta yi fari, ki zuba tankaɗaɗɗen sukarin ayisin, wato garin sukari mai laushi, giram 200 kaɗan-kaɗan, da madara cokali ɗaya da ɗan gishiri. Gishirin nan shi ke hana zaƙin ya gundure mutum, kuma yawancin masu farawa suna tsallake shi.

Idan wannan kek ɗin ya fito miki daidai sau uku a jere, kin samu uwa, sauran 'ya'ya ne. Cire fulawa giram 35 ki sa hodar koko ta cakulan daidai nauyinta, ki ƙara madara cokali ɗaya don hodar na shan ruwa, kin samu kek ɗin cakulan. Goga ɓawon lemon tsami biyu, koren ko rawayan kawai ban da farin da ke ƙasa mai ɗaci, ki murje shi cikin sukari da yatsu kafin ki haɗa da bota, kin samu na lemo. Zuba kwaɓin a ƙananan kofunan takarda, kashi biyu cikin uku na kowanne, minti 15 zuwa 18, kin samu na yara. Abu ɗaya nake roƙo: a canza abu ɗaya a lokaci guda. In kin rage sukari kin sauya fulawa kin ƙara ƙwai duk a rana ɗaya, ya lalace ba za ki san mai laifi ba, ya yi kyau ma ba za ki san wa za ki gode wa ba. Sukari musamman a yi hattara da shi. Ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, yana riƙe danshi, yana tausasa kek, yana ba shi launi. Ana iya rage kashi ɗaya cikin goma ba a ji ba, in an zabge rabi kek ɗin zai fito fari, busasshe, da tauri.

Ina da wani tsohon littafin rubutu da duk ya sha mai, a ciki nake rubuta nauyin ƙwai na ranar, zafin da na sa, mintin da ya ɗauka, da yadda ya fito. Daga shi na gano cewa ɓangaren hagu na obena ya fi zafi, don haka yanzu nakan juya gwangwanayen bayan minti 18. Babu mashahurin mai gashin da zai iya faɗa min wannan, don bai taɓa tsayawa gaban obena ba.

In ya yi saura, rufe shi a mazubi mai murfi ki ajiye inda babu rana, zai kai kwana uku. Kada ki sa shi a firji sai in akwai ɗanyen kirim a jikinsa ko zafin gari zai narkar da botar, domin sanyin firji yana sa sitacin fulawa ya ƙanƙame, kek ya bushe da wuri. Firiza kuwa ba ta yi masa haka. Naɗe kowane falle da leda sau biyu tun ba a shafa masa komai ba, zai yi wata biyu lafiya. Ranar da za a ci, fito da shi ki bar shi cikin ledarsa a kan tebur awa biyu, kada ki kwance sai sanyin ya sake shi.